"Kawo wayarka in sa maka": inda kalmar sirrin Wi-Fi take kwana a cikin waya, da wanda zai iya ganinta

A yawancin gidajen hayar da mutanenmu ke zaune a Makka da Jidda, rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, ita ce take ɗauke da jama'a da dama. Mutum guda ya yanki layin da sunansa da lambar iƙamarsa a stc ko Mobily ko Zain, sauran su riƙa haɗa masa riyalolin ƙarshen wata. In baƙo ya zo, ko ɗan uwa ya sauka daga gida zai yi Umara, ba a faɗa masa kalmar sirri da baki. Mai rauta zai miƙa hannu ya ce, "Alhaji, kawo wayarka in sa maka." Ya ɗan juya baya, ya danna abin da zai danna, ya mayar da waya. A zuciyarsa ya ba baƙo intanet, amma makulli yana nan a aljihunsa.

Wannan dabara ta yi aiki shekara da shekaru, kuma da dalilinta. Sai dai a yau duk wayar da ke kan Android 10, wanda ya fito a 2019, ko abin da ya biyo bayansa, da duk iPhone da ke kan iOS 16, wanda ya fito a watan Satumba na 2022, za ta iya fito wa mai ita da kalmar da aka sa mata kafin shayin da aka zuba masa ya huce. Ba sai ya nemi mai gyara ba. Ga wanda ya manta kalmar gidansa, ko ya yi sabuwar waya, wannan sauƙi ne babba. Ga mai rauta kuwa, lissafinsa ne ya rushe bai sani ba.

Me ya sa ma waya take riƙe kalmar tun farko? Duk lokacin da ka shigo gida wayarka ta hau Wi-Fi da kanta, wata gaisuwa ce ta gudana tsakaninta da rauta, kowacce tana tabbatar wa 'yar uwarta cewa ta san sirrin. A tsarin tsaro na WPA2, wanda ya fito a 2004 kuma har gobe shi ne a mafi yawan gidaje, ba a jefa kalmar a iska. Waya tana haɗa kalmar da sunan layin, ta juya su cikin lissafi sau 4,096, ta fitar da wani dogon makulli. Rauta ma ta yi irin wannan lissafin a wajenta. Daga nan su yi musayar saƙonni 4 don su ga ko amsarsu ta zo ɗaya. Tunda za a sake wannan gaisuwa duk sanda aka haɗu, safe da yamma, dole waya ta ajiye sirrin a cikinta. Ɗige-ɗigen nan baƙaƙe da kake gani lokacin rubutawa an yi su ne saboda na kusa da kai da ke leƙe. A ciki haruffan suna nan daram.

A tsofaffin wayoyin Android, wani ɗan fayil ne mai suna wpa_supplicant.conf yake ɗauke da jerin duk layukan da waya ta taɓa hawa, kowanne da kalmarsa a gefensa. Daga Android 8 na 2017 aka mayar da ajiyar wani fayil ɗin, WifiConfigStore.xml. Dukkansu suna cikin wani ɗaki da manhajar wayar kaɗai take da izinin shiga, ko kai mai wayar ba ka da shi. Wanda ya nace sai ya gani, sai dai a fasa masa makullin manhajar gaba ɗaya, abin da masu gyara ke kira rutin. Wannan ne ya sa "kawo in sa maka" take da ma'ana a wancan lokacin, domin mutum nawa ne za su yi wa wayarsu rutin saboda kalmar maƙwabci? Kuma har yanzu ban ga dalilin da zai sa mutum ya yi ba. Wayar da aka yi wa rutin, yawancin manhajojin banki ba sa yarda su buɗe a kanta, ga shi a ƙasar nan ta Saudiyya kusan komai na rayuwa ya koma cikin waya, daga manhajojin gwamnati irin su Absher da Nafath zuwa biyan kuɗin baƙala, wato kantin unguwa.

Yanzu ga yadda abin yake a Android. Buɗe saitin waya ka nemi sashen Wi-Fi. A Pixel da Motorola da irinsu yana ƙarƙashin Network & internet, a Samsung yana ƙarƙashin Connections. Taɓa sunan layin da kake kai, ko alamar saitin da ke gefensa. Za ka ga inda aka rubuta Share, ko wani ɗan murabba'i mai ɗige-ɗige. In wayar da Larabci aka saita ta, kamar yawancin waɗanda ake saya na hannu a nan, kalmar da za ka nema ita ce مشاركة. Wayoyi da yawa a nan za su nemi ka dangwala yatsa ko ka sa lambar buɗe waya. Da ka yi, sai lambar QR ta bayyana, kuma a wasu wayoyin kalmar sirrin tana rubuce a ƙarƙashinta ƙuru-ƙuru. A Pixel akwai kuma jerin layukan da aka ajiye, Saved networks, inda za ka iya duba har na gidan da ka baro a Madina bara, ko da kana Jidda a lokacin.

Kamfanoni sun sha bamban a nan, kowa da yadda ya yi wa Android ado. Samsung ta daɗe tana nuna QR kawai ba tare da rubutun kalmar ba, sai a sababbin manhajojinta ne ta sa alamar ido da ake taɓawa a ga haruffan. Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne a hannun mafi yawan alhazanmu, da Redmi da Oppo da Huawei, wasu suna nuna rubutun, wasu QR kaɗai. Nan ne mutane ke tsayawa su ce wayarsu ba ta nunawa.

Tana nunawa. Lambar QR ba sirri ba ce ko kaɗan. Kamar takardar da aka rubuta da ajami ce a hannun wanda boko kaɗai ya iya: a wajensa ta ɓoyu, amma duk almajirin da ya karɓa zai karanta masa ita tas. Wani kamfanin Japan, Denso Wave, ya ƙirƙiro ta a 1994 don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta, an yi ta ne don inji ya karanta da sauri, ba don a ɓoye wa kowa komai ba. In ka warware QR ɗin Wi-Fi, abin da ke ciki layi ɗaya ne na rubutu, mai kama da wannan:

WIFI:S:GidanAlhaji;T:WPA;P:Zamzam1445;;

Abin da ya biyo bayan S shi ne sunan layi, na bayan T irin tsaron, na bayan P kuma kalmar sirri. Shi ke nan. Don haka wanda wayarsa ta ba shi QR kaɗai, sai ya ɗauki hoton allon, ya buɗe hoton a Google Lens, kalmar ta fito. Ko ya haska da kamarar wata wayar. Akwai shafukan intanet da ke cewa a loda musu hoton su warware, amma ban ga amfanin miƙa sirrin gida ga wanda ba a san ko wane ne ba alhali abin da zai yi aikin yana cikin wayar.

Wannan yana da wata fuska da mutane ba sa lura da ita. Hoton QR da aka tura a zauren WhatsApp na 'yan imara, wato mazauna benen haya ɗaya, ko aka manna a bangon falo, daidai yake da rubuta kalmar da alƙalami. Duk wanda hoton ya kai gare shi ya samu, kuma hoto ba ya tsayawa inda aka ajiye shi.

A iPhone labarin ya fi tsari, saboda kamfani ɗaya ne yake yin wayar da manhajarta. Shiga Settings, ka taɓa Wi-Fi, ka taɓa ƙaramar alamar i da ke cikin da'ira a gefen sunan layin. Za ka ga wurin kalmar sirri da ɗige-ɗige. Taɓa shi, wayar ta duba fuskarka ko yatsanka, haruffan su bayyana, har da damar kwafewa. Layukan da ba ka kusa da su kuma, ka taɓa Edit a kusurwar sama, jerin zai sauko. Daga iOS 18 na 2024 Apple ta ware wata manhaja mai suna Passwords, tana da sashen Wi-Fi na kanta, kuma tana iya yi maka QR ka nuna wa mai Android. Tun iOS 11 na 2017 akwai wata hanyar tsakanin iPhone da iPhone: in kowannenku yana da adireshin asusun Apple na ɗan uwansa a cikin lambobinsa, ga Bluetooth a kunne, da baƙo ya taɓa sunan layin sai tambaya ta faɗo a wayar mai gida ko zai raba. A da wannan ita ce hanyar masu son bayarwa ba tare da an gani ba. Yanzu wanda aka ba wa zai koma saitinsa ya karanta abinsa.

iPhone 7 da na ƙasa da ita ba su wuce iOS 15 ba, ba za su nuna ba. Amma in an kunna ajiyar makullai ta iCloud, kalmomin Wi-Fi suna bin asusun zuwa duk wata na'urar Apple da ke kansa, sai a duba a can. Gidajen da miji da mata da yara suke kan asusun Apple ɗaya su san da wannan. Haka ma a Android, in ajiyar Google tana kunne, layukan Wi-Fi da kalmominsu suna cikin abin da ake kwashewa a mayar a sabuwar waya. Shi ya sa za ka fito da waya daga kwali, ka sa adireshinka na Gmail, ka ga ta hau Wi-Fi ɗin gida ba tare da kowa ya gaya mata komai ba.

Wanda ke rarraba data daga wayarsa, wato hotsifot, nasa ya fi kowanne sauƙi. Kalmar tana rubuce a sashen hotsifot ɗin, yana iya sauya ta a nan take.

To, akwai inda duk wannan ba zai kai ka ko'ina ba. In ka taɓa danna Forget a kan wani layi, ka ce wa waya ta manta shi, ta kuwa manta har da kalmar. In mai gyara ya share saitin netwok gaba ɗaya saboda waya tana wasa da sabis, duk jerin ya tafi. Waya abin da aka ba ta ajiya kaɗai take mayarwa. Layin da ba ta taɓa hawa ba, ba ta san komai a kansa ba.

Sai kuma otal, wanda shi ne ya fi rikita alhazai. Za ka ga Hajiya ta miƙa wa yaron da ke taimaka musu waya tana cewa, "Ɗana, duba min ta wayar Hajiya Babba ka sa min, ita tata tana yi." Yaro ya duba ya ce babu kalma a wurin, a zaci rowa ce ko rashin iyawa. Gaskiyarsa ne. Otal-otal da yawa a Misfala da Aziziyya da kewayen Harami, da filayen jirgi, layinsu a buɗe yake, ba shi da kalmar sirri sam. Bayan ka hau ne wani shafi zai buɗe ya tambayi lambar ɗaki, ko sunan da aka yi rajista da shi, ko ya aiko da lamba ta saƙon tes. Wannan shaidar tana wajen na'urar otal ɗin, kuma takan ƙare bayan wani lokaci a sake tambaya. Maganin yana teburin karɓar baƙi. Irin waɗannan buɗaɗɗun layuka kuma su ne mafi sauƙin kwaikwayo, domin kowa zai iya kunna hotsifot ya sa masa suna mai kama da na otal. A cikin cunkoson Ramadan ko na Hajji, ni dai harkar banki a kan datar layina nake yin ta. Ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura su ma za su lura cewa irin layin manyan makarantu da ma'aikatu, wanda kowa yake shiga da sunansa da kalmarsa ta kansa, ba ya ba da QR. An gina shi ne don kada a raba.

Wata matsalar kuma ita ce ka samu kalmar daidai amma waya ta ƙi hawa. A ƙasar nan abu na farko da za a duba shi ne allon rubutu. Wayar da ke kan Larabci takan rubuta ١٤٤٥ a inda ake son 1445. A idon mutum lamba ɗaya ce, a wajen rauta haruffa ne daban-daban da ba su haɗa komai ba. Sai a juya allon zuwa na boko kafin a rubuta. Bayan wannan sai babban baƙi da ƙarami, domin Z da z ba ɗaya ba ne, sai sifili da harafin O, sai lamba 1 da ƙaramin l da babban I, waɗanda a kan 'yar takardar bayan rauta kusan kamanninsu ɗaya. Wani allon kuma yakan saka tazara a ƙarshen kalma da kansa, ba ka ganinta amma rauta tana ƙirga ta. Haska QR ya fi rubutawa da hannu saboda duk waɗannan. In an tabbatar komai daidai ne kuma har yanzu shiru, mai yiwuwa 'yar rautar aljihu ce ta cika, don kowacce tana da iyakar wayoyin da take ɗauka. Ko kuma mai layin ya tantance wayoyin da ya yarda da su ta lambar shaidar da kowace na'ura take da ita, wadda ake kira MAC. Wannan ma ya zama ciwon kai tun da Android 10 da iOS 14 suka fara ba kowane layi lambar aro maimakon ta ainihi, har ta kai wayar ɗan gida takan zo wa rauta a matsayin baƙuwa.

In waya ta gaza, a koma wa rautar kanta. Juya ta, ko ka cire murfin batir in ta aljihu ce, za ka ga takarda manne da sunan layi da kalmar da ta zo da ita daga kamfani. Gidaje da yawa ba su taɓa sauyawa ba. In an sauya, wayar da ke kan layin tana iya shiga shafin sarrafa rautar ta burauza. Adireshin yakan zama 192.168.1.1 ko 192.168.0.1, rautocin Huawei masu ɗaukar layin waya kuma 192.168.8.1, wasu na faiba 192.168.100.1. Ba sai an yi canke ba, yana rubuce a takardar, yana kuma cikin bayanan layin a saitin waya. Shafin zai tambayi wata kalmar daban, ta mai kula da rauta, kuma mutane suna yawan cakuɗa biyun. Ta Wi-Fi tana ba ka damar shan intanet. Ta mai kula tana ba ka damar sauya komai, har ka kori mai gidan daga layinsa. A tsofaffin rautoci sau da yawa admin ce kawai, sama da ƙasa. Mataki na ƙarshe shi ne ɗan ramin nan da ake zura tsinke a danne na kamar daƙiƙa 10, rauta ta koma yadda ta fito daga kwali, kalmar takarda ta dawo aiki. Kafin a taɓa shi a rautar faiba gara a kira kamfanin, domin wasu sukan zubar da saitin layin su bar gida babu intanet sai ma'aikaci ya zo. Kuma in rautar haris ce, wato mai gadin gida, ko ta mai imara, ba hurumin ɗan haya ba ne ya zura mata tsinke.

Yanzu ga abin da da yawa ke nufi a zuci in sun tambayi yadda ake gano kalmar sirrin Wi-Fi, wato layin maƙwabci da ke cika sanduna a waya amma da ɗan kwado a gefensa. Kasuwar manhajoji cike take da masu alƙawarin buɗe shi. Kashi na farko wasan kwaikwayo ne zalla: lambobi su yi ta gudu a allo, talla ta biyo talla, a ƙarshe a ba ka kalmar da aka ƙirƙira. Wasunsu su nemi izinin ganin lambobinka da saƙonninka da inda kake, abubuwan da ba su da alaƙa da Wi-Fi ko ta kusa ko ta nesa. Kashi na biyu suna aiki, amma ba fasa komai suke yi ba. Rumbu ne na kalmomin da masu amfani da manhajar suka zuba, kowa ya kawo na wuraren da ya taɓa shiga, a raba wa saura. Wanda ya shiga don ya samu na wasu, sau da yawa na gidansa da na gidan da ya sauka baƙunta ne suke tafiya can. A 2019 an gano wata manhajar Android mai suna WiFi Finder ta bar rumbunta a buɗe a intanet, ɗauke da kalmomin sirri sama da miliyan 2, haɗe da wurin da kowane layi yake a taswira, kuma da yawansu na gidajen mutane ne. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Ba wai tsaron Wi-Fi bai taɓa samun ɓaraka ba. Tsohon tsarin WEP an karya shi tun 2001. A ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambar WPS mai alƙaluma 8, wadda aka yi don sauƙaƙa haɗa na'ura da rauta, ana iya cankarta cikin sa'o'i, kuma daga baya Google ta cire WPS daga Android 9. Manhajojin da ke yawo da sunan WPS a kan wannan tsohon rauni suke rayuwa, sababbin rautoci kuwa sun toshe shi. Wanda har yanzu yake da tsohuwar rauta ya shiga ya kashe WPS ɗin.

Ko da ma hanyar tana nan, akwai doka. Saudiyya tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2007, kuma a ƙarƙashinta leƙen asiri ko tare bayanan da ke wucewa ta hanyar sadarwa ba tare da izini ba yana iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 1, ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyun. Baƙon da ke zaune da iƙama, balle wanda ya shigo da bizar Umara, ba shi da abin da zai ci a wannan wasa. Kafin a je ga doka ma, datar nan wani ne yake biya da guminsa. Ƙwanƙwasa ƙofa a ce, "Maƙwabci, ko za ka sa ni a layinka in riƙa ba da nawa kason?" ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa ana dacewa.

Shi kuma mai rauta, abin da ya rage masa shi ne ya ɗauka cewa duk wanda ya taɓa sa wa kalma a waya ya san ta, kuma zai iya ba wani. Yaron gidan sama ya nuna wa abokinsa QR, abokin ya nuna wa na baƙalar ƙasa, kafin wata ya ƙare intanet ta zama kamar tafiyar kunkuru, a yi ta zagin kamfani. Jinkirin ma shi ne ƙaramar asara. Layin da sunan mutum ɗaya aka yanke shi, duk abin da aka aikata ta cikinsa ƙofarsa za a fara bugawa. Wanda ke cikin layinka kuma yana ɗaki ɗaya da kamarar tsaron gidanka da talabijin da firinta, yana iya gwada sa'arsa a shafin mai kula. Saƙonnin WhatsApp da harkar banki suna da nasu rufin daban, waɗannan ba zai karanta su don kawai ya hau Wi-Fi ɗinka ba, kada a tsorata mutane da abin da babu. Amma sauran sun isa dalili.

Gyaran ba shi da tsada. Mafi yawan rautocin yanzu suna da layin baƙi, suna na biyu da kalma ta biyu, wanda ke ba da intanet amma ya raba baƙo da na'urorin gida. A ganina duk gidan da ke sauke alhazai ya kamata ya kunna shi. Wannan ne za a buga QR ɗinsa a manna a falo, a sauya kalmarsa bayan sallar azumi da bayan tafiyar alhazai, na gida kuma ya zauna tsakanin 'yan gida. Kalmar tana iya ɗaukar haruffa daga 8 har 63, amma sai ka ga an tsaya a 12345678, ko lambar wayar mai gida mai farawa da 05, wadda duk unguwa take da ita, ko irin Zamzam1445 ɗin da na kawo misali da ita. Kalmomin Hausa huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna, a jera su da lamba a tsakani, sun fi ƙarfi kuma sun fi sauƙin riƙewa, sai dai a guji ƙ da ɗ da ɓ, a yi amfani da haruffan da kowane allo yake da su. In rautar tana da WPA3, tsarin da ya fito a 2018, a kunna shi, tare da sanin cewa wasu tsofaffin wayoyi ba sa gane shi sai an bar shi a gauraye da WPA2.

Abu na ƙarshe ya shafi wayar kanta. Tunda lambar buɗe waya ce take buɗe jerin kalmomin, duk wanda ka ba wannan lambar ka ba shi na gidanka da na wurin aikinka da na duk gidan da ka taɓa kwana. Dattawan da ke miƙa waya a buɗe ga duk wanda ya ce zai yi musu rajistar ziyarar Rauda a manhajar Nusuk, gara a samu na jiki ya tsaya a kai har a gama. Gyaran allo ko batir ba ya buƙatar a bar wa mai shago lambar buɗewa ya kwana da ita, ana iya buɗe masa ya gwada a gabanka, sababbin Samsung ma suna da yanayin gyara da ke kulle bayananka kafin ka miƙa. Wanda kuma zai sayar da waya a shagunan Shari' Falasɗin na Jidda, ko zai ba wani Alhaji ya kai wa ƙani tsaraba a Kano ko Maraɗi, ya fara fita daga asusunsa na Google ko na Apple, sannan ya goge wayar gaba ɗaya ta koma yadda ta zo daga kamfani. Cire layi da share hotuna kaɗai ba ya taɓa jerin Wi-Fi.